Motar da Na Ƙi Taɓawa

Ranar Talatar da ta wuce wani saurayi ya tsaya bakin rumfata, waya a hannu, yana kallona ina kwance sifirin ɗin wata a-kori-kura da ta zo daga Bakura, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi. Da ya gaji da kallo sai ya ce wa abokansa, "Wanga aiki ai ba wuya. Ka ƙara falle, ka ɗaure, shi ke nan." Na miƙa masa gudumata na ce ya ɗan riƙe mini. Ya karɓa da hannu ɗaya, ta fizge shi ƙasa, saura kaɗan wayar ta faɗa cikin daron baƙin mai. Abokan suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. To ku samarin yanzu, ku samu wuri ku zauna ku ji.

Sunana Labbo. A garejin Mafara in ka ce Labbo mai sifirin, ko mai tallar ruwa zai nuna maka rumfata. Aikina shi ne in sa mota ta ɗauki abin da ya fi wanda aka ƙera ta dominsa, ta kuma kai shi gida ba ta kashe kowa ba. Wanda ya ƙera a-kori-kura a ƙasarsu bai taɓa ganin albasar Bakolori lokacin cira ba, bai san hanyar Dakko da damina ba. Manomi kuwa ba zai bar rabin amfaninsa ya ruɓe a gona don wani ya ce iyakar mota ke nan ba. A tsakanin waɗannan biyun nake cin abinci.

A hannun kawuna Mande na koya. Shi kuma ya koya wurin kamfanin da ya gina dam ɗin Bakolori, yana saurayi, a gyaran manyan motocin ɗibar ƙasa. Aikin farko da ya ba ni wanki ne. A kwance sifirin, fallayen ƙarfen nan dogaye su watse a ƙasa, in bi su ɗaya bayan ɗaya da kananzir da burushin waya har tsatsa ta fita. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ina nan ina wanki. Ranar da na yi ƙorafi sai ya ɗauki falle guda cikin waɗanda na wanke, ya rataye shi da waya, ya buge shi da sifana. Ƙarfen ya yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Ya rataye wani ya buga, sai ya ce ƙwas, ya yi shiru.

"Mi kaj ji?"

"Wanga na biyu bai da murya, Kawu."

"Ya tsage daga ciki, inda ido ba ya kai. In munka sa shi ga motar mutane, wa za a tambaya ranar gobe?"

A ranar ya fara barina in riƙe guduma.

Kayan aikin ba su da yawa. Guntun ƙarfen jirgin ƙasa da Kawu ya bar mini, shi ne maƙerata. Sai guduma babba da ƙarama, awartaki, jak, sifanu, da zugazugi don lokacin da za a lanƙwasa idon falle, wato zoben da ke ƙarshensa. Fallen da ya gaji ya miƙe, a sanyi ake dawo masa da bakansa. Ka ɗora shi kan maƙera, ka yi masa zane-zane da alli, ka bi zanen da duka, kowane bugu da nauyin ɗan'uwansa. Ka yi na dama, ka yi na hagu, ka jera su ka gwada. In ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa ko da kaurin farce ne, motar za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare mai ciwon ƙugu, tayar gefe guda ta cinye kafin rani ya fita.

Akwai motar wani mai dankali daga Maradun da aka taɓa jawo mini da igiya, ta rabe kamar an sare ta da gatari. Wani gwani ya jibga mata fallaye har gindinta ya yi sama kamar raƙumi zai tashi, bai ko leƙa shasi ba, wato ƙarfen da duk jikin mota ke kwance a kansa. Sifirin ya ƙi lanƙwasa, duk dukan hanya ya koma kan shasi, ta karye daidai bayan mazaunin direba. Sifirin da ba ya lanƙwasa ai gungume ne. In ka ƙara falle, dole ka sake ƙusar tsakiya, ka sake maɗaurai masu tsawo. Ka lulluɓe shasi da farantin ƙarfe ciki da waje, da noti za ka ɗaure shi, ba ka bi ta da walda a gicciye ba. Ka duba boris, ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, ka sa taya mai kauri. Sannan birki. Birki ba ya girma don ka ƙara falle. Shi ya sa nake da iyakar da ba na wucewa, ko mai mota zai kwanta ya yi birgima.

Masu mota kuwa, kowanensu in ya zo cewa yake, "Ɗan abu kaɗan nika ɗorawa." Ba na musu da kowa. Zagawa nake in leƙa bodi. Albasa tana barin ɓawo a lungu, shinkafa tana barin ƙaiƙayi, mai ɗaukar shanu ko ya wanke sai hanci ya gaya maka. Bodin mota ba ya rufa wa mai shi asiri.

Muguwar shekarata ita ce shekarar da aka rufe kasuwanni, aka yanke layin waya, aka hana sayar da fetur a jarka saboda mutanen daji, 'yan bindigar nan. Gareji ya mutu. Masu albasa sun ajiye motoci, babu inda za su kai ta. Mukan zo da safe mu share rumfa, mu zauna muna kallon juna har la'asar. A gidana an koma tuwo sau ɗaya. Abin da na sa wa ido shi ne shinkafarmu, gonar gado ce da muke nomawa tare da yayana Malam Shehu, can bakin kanal ta wajen Maradun. Ta yi kyau a shekarar, ta fara sunkuyar da kai.

Ana cikin haka, wata hantsi, sai ga a-kori-kura fara, kusan sabuwa, ta tsaya daidai bakin rumfata. Mai ita na san shi, ku ma iyayenku sun san shi. Ba zan kira sunansa ba don yana da 'ya'ya a garin nan, ba su yi mini komai ba. Mu ce da shi Alhaji. Ya fito da farar shadda, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin Malam Shehu.

"Labbo, so nika ta ɗauki ninkin abin da taka ɗauka yanzu. Kuma hanyar da za ta bi ba kwalta."

"Mi za ta ɗauka, Alhaji?"

"Taki. Takin zamani nika kai ma manoma."

Na zaga baya na leƙa. An wanke bodin tas, amma fentin ƙasan duk zobba ne, shatin gindin duro, jere da juna. Na sunkuya. Warin fetur ya daki hancina. A lungu ga ɓawon maganin ciwo da 'yan guntayen ledar burodi. A shekarar nan, fetur duro-duro da burodi da magani, ta hanyar da babu kwalta, wuri ɗaya kawai suke zuwa, wajen mutanen daji. Ko yaron goye ya sani.

Na dawo na ce, "Alhaji, takin ga naka wari gare shi."

Ya yi murmushi. "Kai dai ƙarhe aka kawo maka."

"Ba ni yi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye makulli a kan maƙerata, ya gyara hularsa. "Ka yi tunani. Na biyo ta bakin kanal shekaranjiya, shinkafarku ta yi kyau, tabarkalla. Allah shi sa a yanke lahiya." Ya hau bayan wani mashin da ke jiransa, ya tafi ya bar mini mota.

Ta kwana, ta sake kwana, tana nan ta tare mini ƙofa. Duk wanda ya wuce sai ya dube ta ya dube ni. Wasu suna ganin na karɓi aikin, wasu suna jiran su ga ko zan karɓa. Maƙwabcin rumfata Bube mai walda, tare muka tashi, shi ne ya ja ni bayan rumfa.

"Labbo, kai wawa ne? Ka yi mishi aikin."

"Kai ma?"

"Saurara mana. Ka yi shi, ya yi kyau ga ido. Amma uwar fallen, mai riƙe da sauran, ka gasa ta kusa ga ido har ta yi ja, ka tsoma ta ruwan sanyi. Kai ka san abin da za ya biyo."

Na sani. Ƙarfen sifirin in ya sha wuta aka tsoma shi ruwan sanyi, yakan bushe ya zama kamar kwalba. Ka shafa masa giris, babu mai ganewa. Zai ɗauki kaya lafiya lau, sai ranar da motar ta faɗa rami da gudu, ya ɓalle, aksil, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya zame, ta kife da duk abin da ke kanta.

"Ka ga ka tsira da shinkafarka, su kuma kayansu bai kai ba," in ji Bube. "Har lada gare ka."

Ba zan ce muku maganar ba ta shige ni ba. Na je har na tsaya gaban zugazugi. Amma Alhaji ba shi ke tuƙi ba. Direbansa Sani ne, magidanci mai mata da 'ya'ya, ubansa ya yi dako a tashar nan har ya rasu. Ko ya san abin da yake ɗauka, ko tilasta shi aka yi, ban sani ba, kuma ba ni ne alƙalinsa ba. Mota mai fetur in ta kife, wuta ba ta tambayar wa ke da laifi. In kuma a cikin wani ƙauye ta kife fa? Bayan wannan, tun da Kawu ya miƙa mini guduma ban taɓa sakin aikin da na san zai karye ba. In na yi sau ɗaya don mugu, hannun ya koya. Gobe wani zai ɓata mini rai, in tuna ina da hanya.

Na ce wa Bube, "Ba ni gyara ta, kuma ba ni ɓata ta."

"To mi za ka yi da ita? Ka ci?"

Washegari bayan azahar, lokacin da tasha ke da 'yan mutane, na ɗauki makullin na buɗe motar. Ban tayar da ita ba, ban so a ce ko man cikinta na ƙona. Na cire giya, na saki birkin hannu, na kama sitiyari ta taga da hannu ɗaya, na sa kafaɗa na fara turawa. Daga rumfata zuwa tasha akwai 'yar tazara, kuma akwai ɗan hawa wajen kwalbati. Makanikai suna tsaye da sifana a hannu, babu wanda ya motsa. A hawan nan motar ta tsaya, ta fara dawowa kaina, takalmina yana zamewa a yashi. Sai na ji ta yi sauƙi. Na waiga, Bube ne a baya, ya dafa ta da hannu biyu yana zagina.

"Allah wadan taurin kanka, Labbo! Tura mana!"

Muka kai ta gaban rumfar shugaban tasha. Na ja birki, na rufe ƙofa, na ajiye makulli a kan bencinsa. Sannan na juya na ɗaga murya yadda mai shayi da masu lodi da fasinjoji duk za su ji.

"Jama'a, ku shaida! Ga motar Alhaji. Yadda taz zo haka ta koma. Noti ɗaya ban kwance ba, kuma ba ni kwancewa!"

Ban ce ga abin da take ɗauka ba. Ban zargi kowa ba. Babu kuma wanda ya tambaye ni dalili. Shugaban tasha ya dubi makullin kamar kunama aka ajiye masa.

Ba a yi mako ba saƙo ya iso daga daji ta bakin wani mai kifi: duk ɗan gidanmu da ya taka gonar bakin kanal, ya yi sallama da iyalinsa tukuna. Muka nemi 'yan ƙwadago, kowa ya ce yana da uzuri. Shinkafa ta nuna, ta bushe a tsaye, ta fara zuba. Tsuntsaye suka ci rabonsu. Daga baya muka ji an kora shanu ciki. Ko damin da za a yi iri ba mu ɗauka ba.

Malam Shehu ya zo har gida. Mutum ne mai karantarwa, ba ya faɗa, amma a ranar ko zama bai yi ba.

"Labbo, gonar nan taka ce kai ɗaya?"

"A'a, Yaya."

"Da za ka yi jarumtarka, ka shawarce ni? Kai anka yaba a tasha, ɗiyana za su kwana da yunwa."

"Da na shawarce ka, mi za ka ce?"

"Da ka bar ni na faɗa da bakina," ya ce, ya juya ya fita.

Yana da gaskiyarsa, ban musa ba. Amma ko a ranar, da za a dawo da motar bakin rumfata, da na sake tura ta.

Bayan shinkafa sai masu mota suka ɗauke ƙafa. Ko da aka buɗe kasuwanni, mutum zai zo da mota, ya rage gudu a bakin rumfata, ya tuna, ya wuce gaba. Kowa na tsoron a gan shi wurin wanda aka sa wa ido. Ban rufe ba ko yini ɗaya. Na jawo tarin karyayyun fallayen da ke bayan rumfa, na hura wuta, na koma ƙirar lauje da fartanya da adda. Babu ƙarfen da ya kai fallen sifirin yin kaifi. Matan gida suna ba masu zuwa Bakura su sayar. Abin da ya shigo in raba biyu, in aika rabi gidan Malam Shehu. Bai taɓa mayarwa ba, bai kuma taɓa cewa ya gani ba.

Motar Alhaji kuwa an yi mata aikin a wani gari. Da idona na gan ta ta wuce, gindi a sama, an rufe kaya da tamfol. Kada wani ya ce muku na hana wani abu. Ban hana komai ba. Abin da na sani kawai, babu bugun gudumata a ƙarƙashinta.

Wadda ta fara karya shingen mace ce, Hajiya Ige daga Dakko, mai fataucin albasa tun mijinta na da rai. Ta zo da tsohuwar a-kori-kurarta da ta zauna a kan tayoyi kamar kaza mai kwanci. Direbanta ya so ya wuce, na ji tana ce masa, "Tsaya nan nac ce!" Ta sauko ta gyara mayafi.

"Kai ne Labbo mai tura mota?"

"Ni ne, Hajiya. Ba a gaya miki an bar zuwa wurina ba?"

"An gaya min. Ɗana na fari a hanyar gona sunka kashe shi. Mi ya rage da za su amsa? Duba min motar ga."

Na kwance ta gaba ɗaya. Uwar fallen hagu ta tsage, na sake ta. Na dawo wa sauran da bakansu, na ƙara mata daga na wata tsohuwar babbar mota, na yanke su tsawo-tsawo yadda kowane zai ɗauki rabonsa. Na lulluɓe shasi, na sake boris, na sa ta sayi tayoyin baya. Da ta ce in ƙara falle ɗaya, na ce a'a, birkinta iyakarsa ke nan. Ta ce, "Ashe ni ma ana ƙi na." Ranar kasuwa ta sa direba ya bi ta gaban gareji da lodin albasa, a hankali, yana ta hon. Motar ta hau kwalbati ta sauka, ta lanƙwasa ta miƙe, ko gezau. Kafin albasa ta ƙare a shekarar, sai da na rasa inda zan ajiye motoci.

Ni da Malam Shehu muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, mun koma noma gonar bayan abubuwa sun ɗan lafa. Amma har yau in aka ɗauko zancen waccan shekara, sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Bara, da kaka, ina ƙarƙashin wata mota sai na ga takalma masu sheƙi sun tsaya kusa da kaina. Na fito. Alhaji ne, ya yi ƙiba, gemu ya yi fari. An ce yanzu ya shiryu, da gaske takin yake kaiwa. A bayansa ga sabuwar a-kori-kura ko lamba ba a sa mata ba. Ya miƙo hannu, na goge nawa na ba shi. Ya tambayi gida, na ce lafiya. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, duk na amsa masa, ni ma na tambayi nasa. Bube ya kashe injin walda ya fito yana kallo.

"Labbo, abin da ya wuce ya wuce."

"Ya wuce, Alhaji. Allah shi yahe muna baki ɗaya."

"Amin. To ga mota na kawo. Kowa ya ce ba kamarka. Leƙa bodin ka gani, taki ne."

"Na yarda taki ne."

"To?"

Na ɗauki sifanata daga ƙasa.

"Akwai masu yi a gaba, Alhaji. In kuma ta ƙi tashi, ka yi magana. Ni da Bube mun iya turi."